Shafi Goma Sha Ɗaya Zuwa Bakin Teku

A duk faɗin birnin Katsina, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa, babu mahaluƙin da ya san teku kamar Malam Nu'uman Lado. Ya san zurfinsa, ya san yawan gishirin da ke cikin kowace lita ta ruwansa, ya san dalilin da ya sa yake cikowa ya janye sau biyu a rana, da irin hannun da wata yake da shi a cikin lamarin. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da wannan a wata sakandaren gwamnati da ke kusa da Ƙofar Ƙaura. Biyu daga cikin ɗalibansa sun zama sojan ruwa, kuma dukansu sun aiko cewa ba su tarar da wani abu a can wanda Malam bai riga ya faɗa musu ba. Ruwa mafi girma da shi Malam ɗin ya taɓa gani da idonsa shi ne dam ɗin Ajiwa, shi ma da bazara, bayan ya ja baya.

An haife shi a wani lungu da ke bayan hasumiyar Gobarau. Mahaifinsa baduku ne, mai ɗinka wa littattafai gafaka, mutumin da kan auna fata sau uku kafin ya ɗora mata wuƙa. Malam Nu'uman bai gaji sana'ar ba, amma ya gaji awon. Daga kwalejin horon malamai aka tura shi koyar da labarin ƙasa, ya kama allo bai sake shi ba. Ba a taɓa ganinsa ya makara ba. Masu shaguna a hanyar makarantar sukan gyara agogonsu idan suka ji ƙarar tsohon babur ɗinsa.

Darasin gaɓar teku shi ne abin da ya fi shahara da shi. Yakan zo da daro daga gida, ya sa a cika shi da ruwa, ya tara yashin harabar makaranta a gefe ɗaya, sannan ya riƙa tura ruwan da murfin kwano har ya fara cin yashin. Sai ya ɗago kai ya dubi aji.

"To, kun gani? Haka yake yi. Sai dai ya fi haka girma."

Bai taɓa ce wa kowa ya ga teku ba. Mutum ne mai tsoron Allah. Abin da yakan ce shi ne "masana sun tabbatar" ko "littafi ya nuna", kuma cikin shekara talatin da huɗu ba wanda ya lura da haka sai shi kaɗai.

Da takardar ritaya ta zo, ta nuna zai ajiye aiki a ƙarshen watan Yuni, ya buɗe jadawalin zango ya ga darasin gaɓar teku ya faɗo a mako na biyu na watan Mayu. Shi ne na ƙarshe da zai koyar. Ranar da yamma ya zauna a tsakar gida, matarsa Binta tana tankaɗen gari, ya ce mata yana so ko sau ɗaya a rayuwarsa ya tsaya gaban aji ya ce "na gani".

"To, a je a gani mana," in ji Binta, ba ta ko ɗago kai ba. "Ina ne ya fi kusa?"

Inda ya fi kusa, can wajen Legas, ya wuce kilomita dubu ɗaya da ɗari uku.

Lokaci shi ne matsala ta farko. Hutun salla ba hutu ba ne ga mai dangi a cikin birni. Dogon hutu kuma ya yi nisa, ritaya za ta riga shi zuwa. Ya rage hutun Ista, daga Juma'a zuwa Litinin, wanda a shekarar ya faɗo a tsakiyar zango. Mota ita ce matsala ta biyu, ita kuma maƙwabcinsa Malam Bulus ya warware ta. Malam Bulus mutumin Kudancin Kaduna ne, akawu a wata ma'aikata, kusan shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninsu. Motarsa ba ta hutawa sai a kwanakin Ista, don cocinsu da ƙafa ake zuwa, kuma shi ke jagorantar mawaƙa, ba inda zai motsa. Ya miƙa makulli tun kafin Malam Nu'uman ya gama zagaye-zagayen roƙo.

Matsala ta uku ita ce Malam bai iya tuƙi ba. Aka kira Gwadabe, ƙanin Binta, wanda ya shekara ashirin yana kai albasa da tumatir Legas a babbar mota kafin bayansa ya fara ciwo.

Daga nan Malam ya zauna tsara tafiyar. Ya kira ta gajeriyar tafiya a gefen teku, kuma da gaskiyarsa, don abin da za su bi daga Badagiri zuwa kusa da kan iyaka, inda hanya ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da rairayi, bai wuce kilomita ashirin ba. Sauran dubu biyu da ɗari bakwai ɗin zuwa ne da dawowa.

Mako uku ya yi yana rubutu. Tsarin ya fito shafi goma sha ɗaya, da hannunsa, a takarda mai layi, da kwafi ɗaya na kalka, wato wanda takardar kabon ta fitar a ƙasa. A ciki akwai lokacin fita daga Katsina, da lokacin isa Funtuwa, Zariya, Kaduna, da masallacin da za a yi Juma'a, da masaukin da za a kwana a Lakwaja don kada duhu ya same su a hanya. Ya lissafa yadda lokacin salla ke sauyawa idan ana gangarawa kudu maso yamma. Ya ware minti huɗu ga kowane shingen bincike, minti tara ga wanda masu shi suka tashi da yunwa. Shafi na tara na teku ne kacokan: safiyar Lahadi, awa biyu da minti goma, a ƙirga igiyar ruwa nawa ke dukan gaɓa a minti ɗaya, a duba launin yashi, a ɗanɗana ruwan. A shafi na biyu kuwa, da jan biro, an ja layi biyu a ƙasa, ya rubuta cewa motar ba za ta ɗauki fiye da mutum biyar ba ko da wane dalili, saboda nauyi, da zafin kwalta, da shekarun tayoyin.

Gwadabe ya zo ya saurari karatun tsarin daga farko har ƙarshe yana cin gyaɗa.

"Yaya Malam, wannan ai ko jirgin alhazai ba a yi masa irin wannan shiri."

"Shi ya sa yake makara," in ji Malam.

"Mu da muke zuwa da albasa, bisimilla kawai muke yi mu taka."

"Albasa ba ta da aji ranar Talata ƙarfe takwas saura kwata."

Da abin ya tsaya nan, da mutum uku sun tafi a mota mai kujera biyar sun dawo lafiya. Amma ɗan asalin Gobarau ba ya tafiya irin wannan bai yi sallama ba. Idan ya tafi haka, aka ji daga baya, to ya jawo wa kansa maganar da za a riƙa yi har a wurin sunan jikokinsa. Malam ya san haka, ya kuma tsara ta: gida goma sha bakwai, biyu-biyu kowace yamma bayan la'asar, daga manya zuwa ƙanana.

A gida na farko aka yi masa addu'a, aka ba shi ƙullin daddawa ya kai wa wata ɗiya da ke aure a Agege. A na biyu aka ba shi kilishi da kwalbar man shanu. Kafin ya kai gida na goma ya gano abin da taswira ba ta taɓa nuna masa ba, wato babu gida a Gobarau da ba shi da wani a Legas, kuma kowannensu yana cikin matsanancin rashin kuka da busasshiyar kuɓewa. Wani tsoho ya ba shi rabin buhun gero. Wata ta ba shi tabarma biyu da keken ɗinki wanda aka cire wa ƙafa. Saƙo ba a ƙinsa. Malam ya karɓa duka, ya auna kowanne a sikelin mai nama na bakin titi, ya manna masa lamba, ya gyara shafi na bakwai. But ɗin motar ya cika, aka fara tunanin ƙarƙashin kujeru.

Gida na goma sha huɗu shi ne na Gwaggo Ma'u, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta haura tamanin kuma ita ta yaye shi. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, aka yi gaisuwa har ta ƙare, aka sake sabuwa, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi.

"Ikko za ka? Yin mi?"

"Teku zan gani, Gwaggo."

"Wani ya mutu can?"

"A'a. Gani kawai."

Ta dube shi kamar mai neman alamar zazzaɓi. Can ta ce, "To, tunda motar banza ce za ta tahi, ni ma a kai ni in ga Babaji. Shekara shidda rabona da shi. 'Ya'ya ukku aka haifa mashi, ban san kamannin ko ɗaya ba."

Babaji shi ne autanta, yana sayar da kayan miya a wata kasuwa a Legas, wadda Gwaggo ke kira Ikko. Malam ya fara bayanin nisan hanya da zafin bazara. Gwaggo ta ce ita da ta goya shi daga Gobarau har Batagarawa a ƙasa ba shi zai gaya mata nisa ba. Ta ƙara da cewa ɗiyarta Furera za ta bi ta, don ita ta san lokutan maganinta. Malam ya koma gida ya ƙirga. Gwadabe, shi, Binta, Gwaggo, Furera. Biyar cif. Ya ce wa Binta tsari mai kyau dama yakan bar wurin abin da ba a zata ba.

Ranar Alhamis da la'asar, ana gobe tafiya, suna ɗaure keken ɗinkin a but, Malam Bulus ya yi sallama ya shigo, yana murmushi yana kuma sosa ƙeya. 'Yarsa Tabita, wadda ke aure a Legas, ta haihu da safen nan, mako uku kafin lokacin da aka sa rai. Namiji, kowa lafiya. Sai dai haihuwar fari ce, ba kowa nata a kusa, kuma uwarta Na'omi tun da aka bugo waya ta ɗaure kaya ta zauna a kansu. Motocin tasha sun cika saboda biki.

"Wallahi, Malam, kunya nake ji," in ji Malam Bulus. "In babu wuri, ka ce babu. Ba komai."

Tabita a tsakar gidan nan ta koyi tafiya. Binta ce ta yi mata kitson farko. Motar kuma ta ubanta ce.

"Akwai wuri," in ji Malam. "Allah Ya raya."

Da Malam Bulus ya fita, Gwadabe ya tafa hannu.

"Shi ke nan, mata huɗu a baya. A tasha ma haka muke yi, har mu ƙara ɗaya a gaba. Hajiya Gwaggo ai ba ta kai nauyin buhun barkono ba."

"Shida ke nan."

"To, shida mana."

"Shafi na biyu, Gwadabe."

"Yaya Malam, kai fa ka rubuta shafi na biyun nan. Ba saukar da shi aka yi ba. Ga biro nan, ka mai da biyar ɗin shida."

Malam ya ce ba biro ne ya sa biyar ba, tayoyi ne da nauyi. Ya ɗauko lissafin ya nuna masa. Da mutum shida da kayan da ke but, motar ta wuce abin da aka ƙera ta ta ɗauka da kilo sittin da ɗaya, kuma tsakanin Okene da Akure akwai gangara da kwana. Gwadabe ya ce a sauke gero da keken ɗinki. Malam ya ce ya karɓe su da hannu biyu a gaban masu su, ya ce in Allah Ya yarda za su isa.

Binta ta ce to ita ta fasa, dama ba ita ke da aji ba.

Malam ya jawo takardar sunaye gabansa. Kowa a gidan ya san Gwaggo ba ta jin maganar Furera, kuma duk duniya Binta kaɗai ke iya sa ta ci abinci a kan lokaci ko ta koma mota idan ta ce ta gaji. Kwana biyu a hanya da Gwaggo ba tare da Binta ba, ba shafin da zai iya ɗaukar wannan. Ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da bakin biro. Direba dole ne. Gwaggo an riga an amsa mata. Furera tana tare da magani. Na'omi jego ke kiranta. Binta ke riƙe da Gwaggo. Da ya zo kan suna na shida ya tarar shi kaɗai ne a cikin motar wanda ba shi da wani aiki a can sai kallo.

Ya ja layi a kai, da rula.

"Malam, kai fa ka nemi tafiyar nan," in ji Binta. Muryarta ta sauya.

"Ni na tsara ta," ya ce. "Ba a ce dole wanda ya tsara ya zauna a ciki ba."

Da asubar Juma'a, bayan an fito masallaci, ya sa asalin tsarin a babban ambulan, ya manne bakinsa, ya sa hannu a kan mannin kamar takardar jarrabawa, ya danƙa wa Gwadabe. Ya riƙe kwafin kalka. Ya duba iskar kowace taya da kansa, ya gyara wa Gwaggo matashi, ya gaya wa Binta shafi na tara yanzu a wuyanta yake. Mota ta tashi ƙarfe shida da minti biyar, kamar yadda aka rubuta. Ya tsaya a ƙofar gida har ta sha kwana.

Waɗanda suka ziyarce shi a kwanakin nan huɗu ba su tarar da mutum mai baƙin ciki ba. Sun tarar da shi a zaure, ya baza taswira a kan tabarma, ga agogo, ga waya, ga kwafin tsari, ga ƙwayar wake ɗaya da ke wakiltar motar. Idan lokaci ya yi sai ya buga.

"Gwadabe, kuna ina?"

"Yanzu muka shigo Funtuwa, Yaya Malam."

Ya dubi agogo, ya dubi takarda, ya matsar da wake. "Kun riga lokaci da minti biyu. Rage gudu."

A Kaduna sun makara da minti bakwai, suka rama kafin Abuja. Sun shiga Lakwaja rana tana sauran kamu guda. Ranar Asabar da la'asar aka sauke Na'omi a ƙofar gidan Tabita, aka rarraba saƙonni, keken ɗinki ya isa hannun mai shi, Gwaggo ta ga jikokinta ta ce duk sun yi rama. Malam ya fita har bakin titi ya shaida wa mai nama cewa sikelinsa ya yi aiki.

Safiyar Lahadi, ƙarfe bakwai da kwata, waya ta yi ƙara. Binta ce.

"Malam, ga shi nan."

"Yaya yake?"

"Ba shi da ƙarshe, Malam."

"Na sani. Juya wayar wajensa, ki riƙe, kar ki yi magana."

Abin da ya fito daga wayar ya yi kama da babbar mota tana juye tsakuwa daga nesa, ta tsaya, ta sake juyewa. Malam ya kafa ido a kan agogo, leɓɓansa suna motsi. Minti ɗaya ya cika, ya rubuta takwas. Ya ce ta ƙara riƙewa. Ya sake samun takwas. Bai ce ta sauke ba, ita ma ba ta sauke ba, aka yi minti na uku da na huɗu ba wanda ya ƙirga komai.

"Kin ɗanɗana?" ya tambaya daga baya.

"Na ɗanɗana. Ya fi miyar Furera gishiri."

Daga can gefe aka ji Furera tana cewa Allah Ya isa, aka kuma ji Gwaggo tana tambaya ko duk ruwan nan ba a ban-ruwa da shi, da aka ce mata a'a ta ce kai, asara.

Mota ta dawo Katsina ranar Litinin ana kiran magariba. Na'omi ta zauna jego, Gwaggo ta ce sai bayan babbar salla, Furera ta zauna da ita. Kujera uku babu kowa a kai tun daga Legas. Malam ya ga haka. Ya dubi agogo ya ce sun makara da minti goma sha ɗaya a tafiyar kilomita dubu biyu da ɗari bakwai, kuma yana so a nuna masa wani kamfanin sufuri a ƙasar nan da zai iya haka.

A mako na biyu na watan Mayu ya zo aji da daronsa. Ya tura ruwa da murfin kwano, ruwa ya ci yashi, ya ɗago kai.

"Sau takwas yake yin haka a minti ɗaya a gaɓar Badagiri," ya ce. "Ni na ƙirga."

Ya yi ritaya a ƙarshen Yuni. Labarin tsarin ya zaga unguwa, kuma tun daga lokacin duk mai kai amarya Sakkwato ko mai zuwa gaisuwa Maiduguri sai ya biyo ta zauren Malam an rubuta masa nasa. Ba ya karɓar komai. Kwafin kalka ɗin yana cikin wata gafaka da mahaifinsa ya ɗinka, yakan fito da shi idan baƙo ya nuna sha'awa, wani lokaci ko bai nuna ba.

A watan Agusta aka tsayar da Malam Bulus a wani shinge a hanyar Dutsin-Ma, aka nemi takardun mota. Yana laluben aljihun gaban motar sai ga babban ambulan a can ƙasa, ƙarƙashin tsumman goge gilashi. Bakinsa a manne yake, sa hannun Malam Nu'uman yana nan a kan mannin, ba a taɓa buɗe shi ba.